Fita Neman Aiki a Ƙasar Waje: Tambayoyi da Amsoshi Kan Sharuɗɗan Shiga da Tikitin Dawowa

Mai shirin fita neman aiki hankalinsa kan tattaru a kan biza. Ranar da aka manna masa ita a fasfo sai ya sauke ajiyar zuciya, ya fara sallama da 'yan uwa. Alhali kuwa saura ƙofa biyu a gabansa: wurin awon kaya na kamfanin jirgi, da teburin jami'in shige da fice a can inda zai sauka. A duka wuraren biyu abin da ake so a ji ɗaya ne, wato yaushe zai fita daga ƙasar, kuma da wane tikiti. Dokokin da ke ƙasa sukan sauya, don haka duk wanda ya shafi ƙasar da ka nufa, ka sake duba shi a shafin ofishin jakadancinta kafin ka fitar da kuɗi.

Ina da biza a fasfona. Me ya sa har yanzu za a nemi tikitin dawowa?

Domin biza iyakarta ta kai ka bakin ƙofa. Wanda ke da ikon buɗe ƙofar shi ne jami'in da ke kan iyaka, kuma doka ta ba shi damar sake auna ka daga farko. A yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka haɗa iyaka ɗaya, misali, dokar iyakoki ta ce baƙon da ya zo gajeren zama ya nuna dalilin zuwansa, da abin da zai ci ya sha, da hanyar komawarsa gida ko wucewa wata ƙasar da tabbas za ta karɓe shi. Tikitin dawowa shi ne hujja mafi sauƙi a kan wannan na ƙarshe. Jami'in bai san ka ba, ba shi da hanyar leƙa zuciyarka, kuma akwai mutum ɗari a bayanka. Takardar da ke ɗauke da rana da lambar jirgi ita ce abin da zai iya gani da idonsa cikin minti biyu.

To shi kamfanin jirgi ina ruwansa? Ba kuɗina na biya ba?

Ruwansa babba ne. A ƙa'idojin sufurin jiragen sama da suka samo tushe daga yarjejeniyar Chicago ta 1944, kamfanin da ya kawo fasinjan da aka hana shiga shi zai kwashe shi ya mayar. Bayan haka ga tara. Birtaniya tana iya cin kamfani fam 2,000 a kan kowane fasinjan da ya kawo ba tare da ingantattun takardu ba, ƙasashen Tarayyar Turai kuma suna da dokar 2001 da ta sa tarar ta kai dubban yuro a kan mutum ɗaya. Saboda haka ma'aikacin da ke wurin awon kaya yakan buɗe wani rumbun bayanai da ake kira Timatic, na ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta IATA. Zai shigar da ƙasar fasfonka, da inda za ka, da inda za ka yada zango. In allon ya nuna ana buƙatar tikitin fita, ba zai ba ka katin shiga jirgi ba ko da kuka za ka yi.

Na taɓa tsayawa a layi bayan wani saurayi da wannan ta rutsa da shi. Jakarsa an naɗe ta da leda tsaf, takardunsa a jere cikin fayil, bizarsa ta ziyara lafiya lau, amma tikitinsa na tafiya ne kawai. Ma'aikaciyar ta juya masa allon ya karanta da kansa, ta ce saura minti ashirin da biyar a rufe. Ya koma gefe ya tsuguna kusa da jakar, yana danna waya hannunsa na rawa, yana kiran wannan yana kiran wancan a turo masa kuɗi. Ya samu ya sayi tikitin, amma a farashin wanda ya zo a makare, kuma kuɗin da ya ware na zaman makonnin farko ne ya tafi a ciki. Har yau in na tuna fuskarsa sai in ji ba daɗi, domin tambaya ɗaya da ya yi kwana uku kafin ranar da ta raba shi da wannan tashin hankali.

Zan iya shiga da bizar ziyara in nemi aiki a can?

A nan dole a raba abu biyu: neman aiki, da yin aiki. Ƙasashe da dama sun yarda baƙo ya halarci ganawar ɗaukar aiki, ya gana da kamfanoni, ya ga gari. Abin da kusan babu wadda ta yarda da shi shi ne ya kama aiki, ko na kwana ɗaya ne, ko da sunan gwaji, ko da ba a biya shi ba. Birtaniya ta ba mai bizar ziyara damar zama har wata shida da halartar ganawa, amma in ya dace ba zai sauya bizar a cikin ƙasar ba. Sai ya fita, kamfanin ya ba shi shaidar ɗaukar nauyi, ya nemi bizar ƙwararren ma'aikaci daga waje. Kanada ta taɓa buɗe wa baƙi damar neman izinin aiki daga ciki a lokacin annobar korona, amma ta rufe ta ranar 28 ga Agusta 2024. Har yanzu akwai masu tallar wannan hanya kamar tana nan. A Amurka kuwa sashe na 214(b) na dokar shige da fice ya ɗauki duk mai neman bizar ziyara a matsayin mai niyyar zama, har sai ya gamsar da jami'i cewa akwai abin da zai dawo da shi gida.

Ka ga ke nan ko aikin ya samu, a mafi yawan lokuta sai ka koma ka shigo ta ƙofar ma'aikata. Tikitin dawowar da kake ganin asara ce, shi ne zai kai ka inda za ka karɓi bizar aikin.

Akwai bizar da aka yi musamman don neman aiki?

Akwai, kuma na fi son mutum ya ɓata lokacinsa a kanta fiye da dabarun shiga da sunan yawon buɗe ido. Jamus ta fara bayar da katin da take kira Chancenkarte, ma'ana katin dama, ranar 1 ga Yuni 2024. Yana ba da zama har shekara ɗaya, da izinin aikin wucin gadi na awa 20 a mako, da gwajin aiki na mako biyu a wurin kowane mai ɗauka. Ana samunsa ta hanya biyu: ko Jamus ta amince da shaidar karatunka gaba ɗaya, ko ka tara maki shida daga abubuwa irin su ƙwarewar aiki, shekarun haihuwa da iya harshe. Mai bin hanyar maki sai yana da digiri ko horon sana'a na aƙalla shekara biyu, da Jamusanci matakin A1 (na masu farawa) ko Turanci matakin B2 (na sama da matsakaici). Kuɗin zaman da aka nema a 2025 yuro 1,091 ne a kowane wata, kuma yawanci ana nuna shi ne a wani asusu da ake kullewa, ana sakar maka kaɗan-kaɗan duk wata.

Suwidin, tun Yunin 2022, tana ba masu babban digiri izinin zama na wata uku zuwa tara su nemi aiki, sai dai ba a yin aiki da shi, kuma cikin sharuɗɗanta har da mallakar kuɗin komawa gida. Ostiriya tana da ta wata shida ga manyan ƙwararru da suka kai maki 70 cikin 100. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta fito da tata a Oktoban 2022, ta kwana 60 ko 90 ko 120, ba tare da kafili ba, ga masu digiri da ke manyan matakan ƙwarewa.

Amfanin wannan hanya ya wuce tsawon zama. Za ka tsaya gaban jami'i ka ce aiki na zo nema, bakinka da takardarka su faɗi abu ɗaya.

Wanda ya riga ya samu bizar aiki fa, shi ma sai ya sayi na dawowa?

Galibi a'a. Mai bizar aiki ko ta dogon zama yakan tafi da tikitin zuwa kawai, tunda zama aka ba shi. Amma ya riƙe takardar kwantiragi da izinin aikin a jakar hannu, a buge a takarda, domin wani ma'aikacin jirgin bai saba ganin irin bizar ba. Mai bizar neman aiki yana tsakiya: wasu ƙasashen tikiti suke so, wasu kuɗin da zai saye shi ya ishe su. Ostireliya, a bizarta ta hutu da aiki ta matasa, tana neman kusan dalarta 5,000 na zama, da kuɗin tikitin fita a kai.

Dole ne tikitin ya zama na komawa ƙasata?

Ba dole ba ne a mafi yawan wurare. Tikitin wucewa wata ƙasa ta uku yana wadatarwa, muddin kana da ikon shiga ita ƙasar. In tana buƙatar biza ba ka da ita, tikitin ba shi da amfani. A kula da yankuna masu iyaka ɗaya: tashi daga Paris zuwa Rum ba fita daga Shengen ba ne, kana cikin gida ɗaya ne ka sauya ɗaki. Haka masu shiga Amurka ba biza a tsarin kwana 90, tikitin da ya ƙare a Kanada ko Meziko ko tsibiran da ke kusa ba ya cika sharaɗi sai in can ne mazauninsu. Tikitin mota ko jirgin ƙasa wasu jami'ai suna karɓa, wasu ma'aikatan jirgi kuma suna ƙi. In ka dogara da shi, ka tambayi kamfanin jirgin a rubuce tun da wuri.

Ban san ranar da zan dawo ba. Wane irin tikiti ya dace?

Sa rana, ko da za ka sauya ta daga baya, kuma ranar ta faɗo cikin wa'adin da aka ba ka. Wanda ke da izinin kwana 30 ya nuna tikitin kwana 45 ya kai ƙarar kansa da kansa. Ka bar tazarar kwana biyu ko uku kafin wa'adin ya cika, saboda jirgi yana iya soke tashi, kuma hukuma ba za ta cire maka wannan daga lissafi ba.

Wajen saye, karanta sharuɗɗan farashin. Akwai tikitin da ake sauya masa rana kyauta, akwai wanda ake biyan kuɗin sauyi haɗe da bambancin farashi, akwai kuma mai arahar da in ka taɓa shi ya tafi ke nan. Ga mai neman aiki, mai sauyin rana ya fi, ko da ya ɗan fi tsada. Tikitin da ake mayar da kuɗinsa gaba ɗaya shi ma hanya ce, sai dai ka tabbata kuɗi za a mayar maka, domin wasu kamfanonin takardar bashin wata tafiya suke bayarwa. Abu biyu kuma da mutane ke tuntuɓe a kansu: yawancin tikiti ba ya wuce shekara ɗaya yana aiki, sannan in ka ƙi hawa zangon farko ba tare da sanarwa ba, kamfani yakan soke duk sauran zangunan har da na dawowa.

Na ji ana sayar da tikitin nunawa kawai, mai araha. Yana aiki?

Akwai abu biyu da ake kira da wannan suna. Na farko kujera ce da aka kama da gaske a na'urar kamfanin jirgi amma ba a biya ba, tana zama na 'yan awoyi ko kwanaki sannan ta faɗi. Wannan ofisoshin jakadanci da yawa suna karɓarta a lokacin neman biza, wasu ma suna ba da shawarar kada a biya tikiti sai biza ta fito. Na biyu takarda ce da aka ƙirƙira a kwamfuta, da tambarin kamfani da lambar ƙarya. Ita wannan jabu ce, kuma ganowa ba ta da wuya. Kowace kujerar gaskiya tana da lambar ajiya mai haruffa da alƙaluma shida, tikitin da aka biya kuma yana da lamba mai alƙaluma 13. Shigar da su a na'ura daƙiƙa kaɗan ne.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, a wannan harka kuma hukuncinsa ya fi laifin tsawo. Birtaniya tana iya hana wanda ya yi yaudara a neman biza shiga har shekara 10. A dokar Amurka, wanda aka samu ya yi ƙarya da gangan a kan muhimmin abu don samun biza ko shiga, haramcinsa na har abada ne sai in an yi masa afuwa ta musamman. Sannan takardun neman biza na ƙasashe da yawa suna tambaya ko an taɓa hana ka shiga wata ƙasa. Ko kujerar gaskiyar ma, in ba a biya ba, kada ka je filin jirgi da ita, domin tana iya faɗuwa kana sama.

Fasfona saura wata biyar ya ƙare. Zan iya tafiya?

Sabunta shi tukuna. Ƙasashe da yawa, har da Daular Larabawa da Saudiyya da Tailan, suna son saura aƙalla wata shida. Shengen tana son wata uku bayan ranar da za ka fita, kuma fasfon ya kasance an bayar da shi cikin shekara 10 da suka wuce, da shafi biyu da ba a taɓa ba. Ko an bar ka ka shiga, izinin zaman da za a ba ka in aiki ya samu sau da yawa ba zai wuce ran fasfon ba.

Nawa ya kamata in nuna na guzuri, kuma ta yaya?

Kowace ƙasa da nata ma'aunin, wasu na kullum wasu na wata. Abin da ya haɗa su shi ne suna duba tarihin kuɗin fiye da yawansa. Bayanan asusun banki na wata uku ko shida da ke nuna shiga da fita irin ta mai sana'a sun fi ƙarfi a kan asusun da ya kwana wata biyar babu komai, sai ga dunƙulallen kuɗi mako ɗaya kafin neman biza. Masu tantancewa sun san kuɗin aro in sun gan shi. In wani ne ya ɗauki nauyinka, ya rubuta haka a fili, da shaidar abin da ke tsakaninku da bayanan asusunsa.

Bizar Shengen tana buƙatar inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, wadda ta haɗa da mayar da mara lafiya gida. Mai riƙe da tsabar kuɗi kuma ya sani, daga yuro 10,000 zuwa sama sai an bayyana a iyakar Tarayyar Turai, a Amurka kuma abin da ya haura dala 10,000. Bayyanawar ba ta sa a karɓe, ɓoyewar ce ke sa wa.

In jami'i ya tambaye ni abin da ya kawo ni, me zan ce?

Gaskiya, a taƙaice. Ina za ka sauka, kwana nawa, wa ka sani, me kake yi a gida, yaushe za ka koma. Ka san adireshin masaukinka da ka, ko ka riƙe shi a takarda, domin waya tana mutuwa kuma intanet ba ya samuwa a kowane zaure. In ganawar aiki ka zo kuma dokar ƙasar ta yarda, faɗi haka ka miƙa takardar gayyata.

Inda ake shiga uku shi ne baki ya faɗi wani abu, jaka ta faɗi wani. Mutum ya ce hutun mako biyu ya zo, a kai shi ɗakin bincike na biyu, a buɗe akwati a tarar da asalin takardun makaranta duka, da kwafi ashirin na tarihin aikinsa, da takalmin aikin gini. A wasu ƙasashe, kamar Amurka da Kanada da Ostireliya, jami'ai suna da ikon duba waya, kuma saƙo ɗaya mai cewa "ka fara ranar Litinin" ya isa. Ba ina cewa a goge saƙo a ɓoye takarda ba. In har sai ka ɓoye abu kafin ka shiga, to bizar da ke hannunka ba ta wannan tafiyar ba ce.

In aka hana ni shiga, me zai biyo baya?

Za a tsare ka a wani sashe na filin jirgin har a samu jirgin da zai mayar da kai, yawanci inda ka taso. Sau da yawa fasfonka yana hannun ma'aikatan jirgi har ku sauka. A Shengen dole a ba ka takarda mai ɗauke da dalili, kuma kana da ikon ɗaukaka ƙara, sai dai ƙarar ba ta dakatar da mayarwar. Kamfanin jirgi yakan yi amfani da tikitinka na dawowa, in babu kuma yana iya bin ka kuɗin. Kada ka sa hannu a abin da ba ka fahimta ba, ka nemi tafinta, ka karɓi kwafin duk abin da aka rubuta, ka kuma tambaya ko an sa maka haramcin dawowa da tsawonsa. Hana shiga daban, tasa ƙeya bayan an shiga daban, kuma na biyun ya fi nauyi a tarihin mutum.

In wa'adina ya cika ban samu aiki ba, in ƙara 'yan kwanaki fa?

Da farko ka tabbata ka san wa'adin. Ranar da biza za ta mutu daban take da yawan kwanakin da aka yarda ka zauna. Bizar shekara biyu tana iya zama ta kwana 30 a kowace shiga. A Shengen lissafin kwana 90 ne cikin kowane kwana 180, ana ƙirgawa baya daga ranar da kake ciki, kuma ranar shiga da ta fita duk suna ciki. Tun 12 ga Oktoba 2025 aka fara sabon tsarin na'ura mai ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu, wanda ke yin wannan lissafi da kansa.

A Amurka, wanda ya zarce da fiye da kwana 180 sannan ya fita an rufe masa ƙofa shekara uku, wanda ya kai shekara ɗaya kuma shekara 10. Daular Larabawa tana cin tarar dirhami 50 a kowace rana. Kuma daga ranar da ka zarce, kamfanin kirki ba zai iya ɗaukarka ba ko yana so. Waɗanda za su rage maka su ne masu neman wanda ba zai iya kai ƙara ba. In ƙasar tana ba da ƙarin wa'adi, ka nema tun da sauran kwanaki a hannunka.

Ejan ya ce in shiga da bizar ziyara, shi zai mayar da ita ta aiki in na sauka. In yarda?

Wannan ce tambayar da ta fi damuna. Akwai ƙasashen da doka ta yarda a sauya matsayi daga ciki, amma kamfanin da ya ɗauke ka ne ke yi, da sunansa, bayan takardar tayin aiki da za ka iya tantancewa a wurin hukumar ƙwadago ta ƙasar. In babu sunan kamfani, babu kwantiragi, sai alkawarin baki da "kada ka damu, mutanenmu suna can", to ka tsaya. Bizar Umara ma haka take, ta ibada ce, aiki da ita laifi ne a Saudiyya ga ma'aikacin da wanda ya sa shi.

Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1997, ta ce kamfanonin samar da aiki kada su karɓi kuɗi daga hannun ma'aikaci. Ba kowace ƙasa ce ta sa hannu ba, amma ma'auni ne mai kyau: mai neman ma'aikaci shi ke biya. Kuma abin yana wuce asarar kuɗi. A Agustan 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da kusan 100,000 a Kambodiya ana tilasta musu aikin damfara ta intanet. Da yawansu masu ilimi ne da suka amsa tallar aikin ofis mai albashi mai tsoka, suka sauka lafiya, aka ɗauke su a mota, aka karɓe fasfo.

Ga wata dabara da ya kamata kowa ya sani. Ejan yakan sayi tikitin zuwa da dawowa don ka wuce bincike, da zarar ka sauka sai ya soke na dawowar ya karɓe kuɗin. Kai kana can da takarda a aljihu kana ganin kana da hanyar gida. Maganinta, ka sayi tikitin da kanka in da hali. In shi ya saya, shiga shafin kamfanin jirgin da lambar ajiya da sunanka, ka duba lambar waya da imel ɗin da ke ciki na wane ne, ka sake dubawa bayan ka sauka. Fasfonka kuma ya kwana a wurinka. A ƙasashen Tekun Fasha ma doka ta hana mai gida riƙe fasfon ma'aikaci ba da yardarsa ba, duk da ana yi. 'Yan mata da ake kaiwa aikin gida su suka fi shiga wannan hali, don haka kafin tashi a bar wa wani amintacce a gida hoton fasfo da biza da kwantiragi, da lambar ofishin jakadancin ƙasarku da ke can.

Yada zango a wata ƙasa yana buƙatar biza?

Wani lokaci, ko da ba za ka fita daga filin jirgin ba. Birtaniya da ƙasashen Shengen suna da jerin ƙasashen da 'yan ƙasarsu ke buƙatar bizar yada zango. Amurka ba ta da zangon da ba a shiga ƙasa, kowa sai ya bi ta shige da fice. In kuma tikiti biyu ka haɗa daga kamfanoni daban don neman sauƙi, mai yiwuwa sai ka fita ka ɗauki kaya ka sake awo, wanda ke nufin shiga ƙasar. Ka duba hanyar dawowa ita ma, domin ba lallai ta bi inda ta zuwa ta bi ba.

Ƙasar da zan je ba ta neman biza daga gare mu. Shi ke nan ba sharaɗi?

Shiga aka sauƙaƙa maka. 'Yan ƙasashen ECOWAS, bisa yarjejeniyar 1979, suna shiga ƙasashen juna kwana 90 ba biza, amma mai son zama ya yi aiki sai ya nemi katin zama. 'Yan Tarayyar Turai kuwa suna da cikakken ikon neman aiki da yinsa a ƙasashen juna. A sauran wurare, mai shiga ba biza baƙo ne kamar mai bizar ziyara, kuma shi aka fi tambaya tikitin fita, tunda babu ofishin jakadancin da ya tantance shi tun daga gida.

Takardun lafiya da na karatu fa?

Katin rigakafin shawara yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun Yulin 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ƙasashen Tekun Fasha suna neman gwajin lafiya kafin bizar aiki ga 'yan ƙasashe da dama, a asibitocin da suka amince da su kawai, sannan a sake wani bayan an sauka. Wanda ya faɗi na biyun gida zai koma. Takardun makaranta kuwa a tantance su tun kana gida: ko hatimin Apostille na yarjejeniyar Hague ta 1961 in ƙasashen biyu suna ciki, ko tambarin ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje da ofishin jakadanci. Yin wannan daga nesa yana cin makonni, kwanakin bizarka kuma suna tafiya.

Na samu aiki kafin ranar dawowa. Yaya zan yi da tikitin?

Kada ka yi gaggawar soke shi. Alkawarin aiki daban, izinin aiki daban, kuma tsakaninsu akwai makonni da komai zai iya faruwa. Tambayi kamfanin ko dokar ƙasar ta yarda a sauya maka matsayi kana ciki. In ta yarda, matsar da ranar tikitin gaba amma cikin wa'adinka, ka karɓi rasidin da ke nuna an shigar da takardunka, ka kuma tambaya ko rasidin yana halatta zamanka in wa'adin ya cika ana jira. In ba ta yarda ba, ka hau jirginka a ranar da aka sa, ka nemi bizar aikin daga gida da kwantiragin a hannu. Sai katin zama ya shigo hannunka sannan ka waiwayi kamfanin jirgi. Ko tikitin da ba a mayar da kuɗinsa, sau da yawa ana iya karɓo harajin filin jirgi na zangon da ba a hau ba, amma sai ka rubuta ka nema, kuma ya fi kyau ka soke kujerar kafin ranar tashi.